Laushin Igiyar Dogo

Washegarin ranar da aka binne Dogo, aka wayi gari babu rabin igiyar da ta kashe shi.

Malama ce ta fara lura. Ita ce shugabar masana'antar nan ta bakin gari, inda ake sayen karan masara da ƙaiƙayin shinkafa, a daddatsa, a zuba cikin wani ƙaton kasko mai wuta a ƙarƙashi. Ruwan da ke cikin kaskon, ma'aikata na kiransa tsimi. Ba guba ba ne, ba ya toya fata. Da wani gishiri da ake sa wa abincin kaji ake haɗa shi, da wani ruwa mai yauƙi da ɗan zaƙi da ke saura in an gama yin sabulu. Aikinsa ɗaya ne, ya narkar da ƙaron da ke ɗaure zaren cikin kara. In ƙaron ya narke sai kara ya saki jiki ya yi lugub kamar auduga, a mai da shi sukari, sukarin a mai da shi man inji. Tsimin kuwa a tace shi a sake aiki da shi.

Aikin Dogo shi ne jan igiya. Igiyar rama ce mai kauri, ta bi ta kan wani wili da ke rataye a azarar rumfa, kai ɗaya na ɗaure da kwandon ƙarfe, ɗayan na hannunsa. Ranar da abin ya faru, da hantsi, yana cikin ja, kwando na sama cike da jiƙaƙƙen kara, igiya ta tsinke dab da hannunsa. Kwandon ya yi lilo ya sauko masa a ƙirji. Ko shurawa bai yi ba.

Malama ta hana a taɓa komai sai 'yan sanda sun iso daga birni. Amma da safen nan sai ga guntun da ke jikin kwando yana nan, ɓangaren hannu kuwa, duk tsawonsa, ya yi ɓatan dabo. Ta durƙusa ta murza bakin guntun da ya rage, zaren ya bi yatsunta kamar an tauna shi. Ba ta san lokacin da ta faɗa a fili ba: "Wannan igiyar ba da kanta ta tsinke ba."

Kafin ta miƙe, magana ta tsallake katanga.

Nan take mutane suka tuna. Ai Mai-igiya ne ya tufka ta, sabuwa ce fil. Ai a bakin kasuwa aka ji Dogo na ce masa igiyar tasa ƙaya ce, ta yayyage masa tafin hannu. Ai kowa ya ji amsar da tsohon ya ba shi: "Hannunka ne na sabulu. Igiyata sai ta ga bayanka." Wasu suka ce ruɓaɓɓiyar rama ya sa, ya dawo ya sace shaida. Wasu suka ce da gangan ya yi. Aka je aka jawo shi daga rumfarsa da tufka a hannu. Ba don Malama ta tura shi ɗakin ajiya ta datse da kwaɗo ta tsaya a bakin ƙofa ba, da ba 'yan sanda ne za su yi masa shari'a ba.

* * *

Matar Mai-igiya ce ta je ta ɗauko Mai-sawu.

Yaran yanzu ba su san irin waɗannan mazan ba. Mai-sawu bai taɓa shiga aji ba, ko baƙi ɗaya bai sani ba, amma ƙasa ta fi takarda yi masa magana. Ɓauna ta taɓa ɗaga shi ta yar, ya tashi da haƙarƙari a karye ya bi sawunta har ya ga kwananta. Ambaliya ta cinye ƙauyensu, shi ya fito a kan reshe da rabin kunne. Yunwar da ta kwashe sa'o'insa, shi ta gaishe shi ta wuce. Duk wannan ba sai an tambaye shi ba, shi zai gaya maka, ya buɗe riga ya nuna maka tabon.

Ta same shi yana jan wa wani mai facin taya labarin ɓaunar. Ta zube a gabansa.

"Baba, za su kashe mini miji."

"Tashi, tashi. Wa zai kashe wannan tsohon banzan? Mutuwa ma ta gan shi ta ƙyale."

"Wallahi Baba, tun ina amarya yake tufka, igiyarsa ba ta taɓa yar da ko guga a rijiya ba. In motar 'yan sanda ta tafi da shi, ba zai dawo da rai ba. Ko ya dawo, wa zai ƙara sayen igiyar mai kisan kai?"

Mai-sawu ya bar wasa. Ya ɗauki sandarsa.

"Kin yi sa'a ina raye," in ji shi. "Da wani kika je wa, da sai dai ki shirya takaba."

* * *

Da ya shiga farfajiyar masana'anta ya ga yadda taro ya tattake ƙasa, sai ya yi tsaki.

"Garken jakuna ma sun fi ku sanin inda za su sa ƙafa. Kowa ya koma jikin katanga!"

Suka koma. Gaba-gaba cikinsu akwai Mai-kasko, yayan marigayi uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ke kula da wuta da tsimi. Idanunsa sun yi jajir. Bai ce a kashe ba, bai ce a saki ba, yana tsaye kawai yana kallon ƙofar ɗakin ajiya. Mai-sawu ya yi masa ta'aziyya ya wuce.

Ya ƙwanƙwasa ƙofar da sanda. "Kai tsoho, kana ciki ko ka sheƙa?"

"Kai ne, mai rabin kunne?" in ji Mai-igiya daga ciki. "In ka zo kallo ne, ka makara."

"Ka ce igiyarka za ta ga bayan yaron nan?"

"Na faɗa. Baƙin bakina ne. Nufina za ta daɗe, zai tsufa ya bar aiki ba ta tsinke ba. Ramar nan da hannuna na zaɓe ta."

"Ka taɓa ta bayan ta tsinke?"

"Na zo da gudu kamar kowa. Na ɗaga ta, na ji ta a hannuna kamar ba tawa ba. Tawa kaushi gare ta, wannan kuwa kamar jelar kyanwa. Na so in yi magana, kuka ya cika wurin, na ajiye."

Mai-sawu ya juya ga Maigadi, wani siririn mutum mai yawan rantsuwa.

"Wa ya shigo bayan an tafi makabarta?"

"Wallahi tallahi babu kowa, Baba."

"Kai kana ina?"

Maigadi ya sosa ƙeya. "Ni ma makabartar na tafi. Dogo fa ne, Baba. Shi ke rage mini abinci. Na ja ƙofa kawai, ban kulle ba."

"Madalla da gadi," in ji Mai-sawu.

Ya durƙusa inda igiyar ta kwanta, gwiwoyinsa na ƙara. Rana ta take, ƙasa ta bushe ƙayau, amma ga wani ɗan layi mai duhu-duhu kamar an ja jiƙaƙƙen tsumma. A kan layin kiyashi sun yi baƙi.

"Malama, zo ki gaya mini. Wane ruwa ne rana ba ta shanye shi?"

Ta sunkuya. "Tsimi ne, Baba. Ba ya bushewa da wuri, laima yake ja daga iska. Kiyashi kuma zaƙin suke bi. Kullum muna fama da su."

Tsoho ya yi murmushi har wawulonsa ya fito. "To, ga 'yan sandana sun riga naku isowa."

* * *

Layin kiyashi ya rabu biyu a bayan rumfa. Ɗaya siriri ne, ya nufi babbar ƙofa inda ƙafafu suka dagula komai. Ɗayan kuwa faffaɗa, ya bi ta wata kafa a gindin shinge. Mai-sawu ya bi faffaɗan, Malama na biye da shi tana tattare zane, taro na biye da su daga nesa.

"Ga shi nan," yana faɗa yana nuni da sanda. "Mutum ne gajere, yana jan ƙafar hagu, ɗauke da kaya a ka. Ba yau ya fara bin hanyar nan ba. Ni fa in na kama sawu, ko mai shi ya hau iska sai na sauko da shi."

Sawun ya kai su garken Mai-shanu. Kowa ya san mutumin nan na jin haushin masana'anta, don tun da aka fara sayen kara, shanunsa suka rasa abin kalaci a gonaki. Ya taɓa zuwa har ƙofa ya yi rantsuwa sai ya ga an rufe wurin. Suka same shi yana zuba wa wata ramammiyar saniya wani abu daga buhu, kiyashi na bin buhun.

Da ya ga taro ya saki buhu.

"Ina igiya?" in ji Mai-sawu.

"Wace igiya, Baba? Tukar kara nake ɗiba, wadda suka gama da ita suka zubar bayan rumfa. Nakan wanke in ba dabbobi. Na san sata ce, amma dubi haƙarƙarin saniyar nan."

"Kai da ke taɓa tsimi kullum, ga ka da ƙullin wurin a zuciya. Me zai hana ka shafa wa igiya?"

Taro ya fara gunaguni, wasu har sun ɗauki duwatsu. Mai-sawu ya buɗe baki zai yi kirarin da ya saba in ya kama ɓarawo, sai Malama ta ja hannun rigarsa.

"Baba, ba shi ba ne."

"'Yata, sawu ba ya ƙarya."

"Ban ce ya yi ba. Amma abin da ke hannun mutumin nan mai sanyi ne. Tsimi mai sanyi ko ka kwana kana shafa wa igiya, ɗan danshi kawai za ta yi. Kafin ya narkar da ƙaron rama haka, sai yana da zafi sosai, kuma sai igiyar ta yini a ciki. Kasko ɗaya ne a garin nan da ke da wannan zafin."

Mai-sawu ya tsaya cak. Ya kalli saniya, ya kalli buhu. Wani tsohon da ya sha kunya sai ya dage, shi kuwa ya san bambancin taurin kai da jarumta, shi ya sa ya kai wannan shekarun.

"Ku zubar da duwatsun nan," ya daka wa taro tsawa. "Na ce ɓarawo ne, ban ce mai kisa ba. Ɓarawon shara ma." Ya rage murya. "Yaushe igiyar za ta yini a kasko ba wanda ya gani?"

"Ranar hutu. Ba a aiki, amma ba ma barin wuta ta mutu, don kada tsimi ya daskare."

"Wa ke zuwa duba wutar?"

Malama ta waiwaya ta kalli wajen masana'anta, ta dafe ƙirji. Ya gyaɗa kai, bai sake tambaya ba.

* * *

Ya sallami kowa, ya koma shi kaɗai ya kama siririn layin nan da ya raina.

A bakin babbar ƙofa layin ya ɓace cikin sawun jama'a. Amma a jikin ƙusar ƙyaure ga wani ɗan farin zare ya maƙale, mai laushi kamar gashin jariri. Ya ci gaba. Ga wani a jikin ƙayar da ke gefen hanya, daidai ƙugun mutum. Wanda ya ɗauki igiyar a cikin riga ya naɗe ta, bakinta da ya tsinke na leƙowa, wani lokaci ta ja ƙasa. Duk inda ta ja, kiyashi sun yi masa alama. Sawun na babban mutum ne, kuma ba gudu yake ba. Yakan yi 'yar tafiya ya tsaya, ƙafafu a haɗe, ya daɗe. A gindin wata bishiya ma ga shaidar gwiwoyi biyu da tafin hannu. Mai-sawu ya bi ɓarayi da yawa a rayuwarsa, bai taɓa ganin wanda ke durƙusawa a hanya ba wanda ya kore shi.

Hanyar ta bi ta bayan shagon maƙeri, ta ratsa lungun masu ɗinki, ta tsaya a ƙofar gidan da ake zaman makoki.

Gida ɗaya 'yan'uwan biyu ke zaune, kowa da ɓangarensa. Mai-sawu ya nemi a yi masa iso wurin matar marigayi. Ya same ta a ƙofar ɗaki an lulluɓe ta, a gefenta ga takalman Dogo ba wanda ya kawar. A kan taga ya hango wani ɗan kwano da man shafawa, da wasu tsummoki a naɗe masu tabon jini.

"Allah ya ba ki haƙuri, 'yata. Na mene ne waɗancan?"

Ta kalli tagar, hawaye suka zubo. "Na hannunsa ne, Baba. Tun da aka sa sabuwar igiyar nan tafinsa ya tsattsage. Ko lomar abinci da ƙyar yake kai wa baki. Kullum da safe ni ke shafa masa mai in naɗe masa."

"Ga su kuwa a naɗe, ba a yi aiki da su ba."

"Ranar ya ƙi. Na ɗauko, ya yi dariya ya ce in ajiye, an yi masa maganin abin. Na ce wane magani? Ya ce sai ya dawo zai ba ni labari." Ta rufe fuska. "Yana fita yana waƙa, Baba."

Mai-sawu ya ɗaga kai. Daga inda yake zaune yana kallon kiyashi sun ratsa tsakar gida, sun wuce randa, sun hau ginshiƙin rumfar da ke ƙofar ɗakin Mai-kasko, sun shige cikin azara. Ya tashi kamar mai neman inuwa, ya miƙa sanda ya zaƙulo. Igiya ta sulalo ta faɗo a kafaɗarsa.

Ya ja ta bayan ɗaki ya warware. Ya bi ta da tafin hannu daga jela. Jelar kaushi ce, igiyar tsohon abokinsa sak, mai yankan fata. Sai ya iso wani wuri, ta koma lugub. Laushin ya tafi kamar tsawon abin da mutum zai kama ya saki, ya kama ya saki, in yana ɗaga kaya. Kuma an wanke wurin tas, har an shafe gashin ramar ya kwanta.

Ya daɗe a tsaye da igiya a hannu. Mutumin da ɓauna ba ta karya masa zuciya ba, ranar sai da ya jingina da bango.

* * *

La'asar ta yi, aka ce an hango ƙurar motar 'yan sanda daga can kan tudu. Mai-sawu ya sa Malama ta tara su a ƙarƙashin rumfar kasko: Maigadi, da Mai-shanu, da Mai-kasko, aka buɗe Mai-igiya ya fito yana kare ido, matarsa ta riƙe shi. Jama'a na jikin katanga. Matar Dogo ma ta matsa sai da wata gwaggonta ta rako ta.

Ya zaro igiyar daga buhu ya shimfiɗa a ƙasa.

"Ni ban yi karatu ba," ya fara, "amma babu mai karatun da ya taɓa ɓace mini. Maigadi, kama nan."

Maigadi ya kama jelar ya saki. "Kai! Kamar zarto."

"Matsa gaba."

"Nan kuma laushi, Baba."

"Mai-shanu, in kana so ka tsinke igiyar wani ba a gane ba, ina za ka lalata?"

Mai-shanu ya ja da baya. "Ni ban yi ba, Baba."

"Na sani, matsoraci. Amsa mini."

"To, can sama, kusa da ƙulli ko kusa da wili, inda ido ba ya kai wa. Kuma ɗan wuri kaɗan."

"Kun ji. Ko ɓarawon shara ya sani. Wanda zai cuce ka ba zai taɓa inda hannunka zai ji canji ba. Wannan kuwa, duk tsawon igiyar nan ba inda aka tsoma sai wurin riƙo. An auna shi daidai hannun mai ja. An tsoma a kasko mai zafi ranar hutu, an fitar, an wanke, an shafe gashinta don kada ko tsinke ɗaya ya soki rauni. Na bi sawun maƙiya iri-iri, ban taɓa ganin maƙiyin da ya damu da tafin hannun wanda zai kashe ba." Ya shafa wurin laushin. "Wanda ya yi wannan, ganin jinin hannun Dogo ne ya hana shi sukuni."

Bai kalli kowa ba. Bai kira suna ba, shi da ya saba nuna ɓarawo da sanda yana kirari.

Mai-kasko ya tako a hankali. Ya durƙusa gaban igiyar, ya ɗora hannu a wurin laushin.

"Ni na goya shi," ya ce. "Innarmu ta rasu yana rarrafe. Na ga yana cin abinci da bayan hannu kamar kuturu, yana ɓoye mini. Kullum ina kallon tsimin nan yana mai da busasshen kara auduga, ba ya cutar da kowa, har hannu muke tsomawa in ya huce. Na ce bari in ɗan nuna mata shi ta yi laushi. Na ce in na wanke ta, ta sha iska, ƙarfinta zai dawo. Da safe na nuna masa, ya rungume ni, ya ce Yaya ka fi likita."

Matar Dogo ta yi wata ƙara, gwaggonta ta tare ta. Malama ta dafe ginshiƙi tana cewa a hankali, "Rama ma ai kara ce. Ƙaro ɗaya ne ke riƙe su."

"Me ya sa ka ɗauke ta?" in ji Mai-sawu.

"Daga makabarta na riga kowa dawowa, na zo in gan ta. Ina taɓawa na gane. Na kasa barinta, na kasa ƙona ta." Ya ɗago ya kalli Mai-igiya. "Da suka jawo ka, Baba, ina tsaye. Bakina ya yi nauyi. Na ce in na faɗa, da wane ido zan kalli matarsa? Na bar ka a ciki tun safe. Wannan ba kuskure ba ne, wannan da sanina na yi."

Jama'ar da ɗazu ke neman duwatsu, kowa ya sunkuyar da kai. Aka jira a ji me Mai-igiya zai ce. Tsohon ya saki hannun matarsa, ya tsuguna da ƙyar, ya ɗauki igiyarsa yana juyawa kamar mai duba ɗansa da aka dawo da shi daga asibiti. Bai yi zagi ba.

"Ɗana," ya ce, "ai fata ake naɗawa. 'Yar fatar akuya mai laushi, a ɗinke a wurin riƙo. Ina da ita rataye a rumfa. Ko sisi ba na karɓa." Ya ajiye igiyar. "Da ya ce mini tana yankarsa, abin da ya kamata in ce ke nan. Sai na tsaya gardama."

Mai-kasko ya kifa goshi a ƙasa. Kukan da ya yi, ko a makabarta bai yi irinsa ba.

Motar ta tsaya a bakin ƙofa. Wani ɗan sanda ya sauko yana tambaya ina mai igiyar da aka kama. Ba wanda ya nuna. Mai-kasko ya miƙe, ya naɗe igiyar a hannunsa yadda ƙanensa ke naɗe ta in an tashi aiki, ya nufi motar da ƙafarsa. Mai-igiya kuwa matarsa ta kama shi suka fita ta tsakiyar taro, mutane na darewa suna ba su hanya, wasu na cewa sannu Baba.

Mai facin taya ya tari Mai-sawu a ƙofa, ido na ƙyalli. "Baba, yau kam akwai labari! Yaya aka yi ka gano?"

"Matsa mini," in ji tsoho.

Ya bi hanyar gida ta bayan shagon maƙeri. Rana ta yi sanyi, kiyashi na nan a kan layinsu, suna ta kai da kawowa. Da ya iso gindin bishiyar nan, shaidar gwiwoyi biyu da tafin hannu na nan raɗau a ƙasa. Ya tsaya ya duba gabas da yamma. Sannan ya sa ƙafa ya share ta.